Yadda Ake Farfaɗo da Ƙungiyar Wasa da Ta Durƙushe: Misali daga Hokin Ƙanƙara



A kakar wasa ta 1972 zuwa 1973, wata sabuwar ƙungiyar hokin ƙanƙara mai suna New York Islanders ta yi wasa 78. Ta ci 12, aka cinye ta sau 60, aka tashi kunnen doki sau 6. Har ya zuwa wannan lokaci ba a taɓa samun ƙungiyar da ta sha kaye da yawa haka cikin kaka guda ba. Shekara bakwai bayan wannan abin kunya, watau a 1980, ita ce ta ɗauki kofin da ya fi kowane daraja a wasan, ta kuma riƙe shi shekara huɗu a jere. Abin da zan yi ƙoƙarin bayyanawa yau shi ne aikin da aka yi tsakanin waɗannan shekaru biyu, da dalilin da ya sa wasu suka bi hanya irin wannan amma ba su kai ga gaci ba.

Wasan da tsarinsa

Tun da yake yawancinmu ƙwallon ƙafa muka sani, ya kamata in fara da siffanta wasan a taƙaice. Ana yin sa ne a kan daskararren ruwa, cikin fili mai shinge. 'Yan wasa suna sa takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, suna sulɓi da su, kowa riƙe da sanda mai lanƙwasa. A maimakon ƙwallo akwai wani ɗan faifai na baƙar roba mai tauri, shi ake ƙoƙarin jefawa cikin raga. Kowane ɓangare yana da mutum shida a fili: mai tsaron gida, 'yan baya biyu, da 'yan gaba uku, na tsakiyarsu shi ne mai rarraba faifai. Ana yin wasan kashi uku, kowanne minti ashirin. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya cika daɗewa fiye da minti guda a fili kafin a canja shi, don haka kowace ƙungiya takan shirya mutum ashirin domin wasa ɗaya. Ina roƙo ku riƙe wannan, domin shi ya sa gwani guda, kome gwanintarsa, ba ya ɗaukar ƙungiya a kansa.

Babbar gasar wannan wasa ita ce wadda ake kira NHL, wadda aka kafa a birnin Montreal na ƙasar Kanada a 1917. Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi shida kaɗai ke cikinta. A yau akwai 32, bakwai a Kanada, sauran a Amurka. Bayan wasannin kaka, waɗanda sun haura tamanin, ƙungiyoyi 16 su ke shiga wasannin fid da gwani, inda ake karawa bibbiyu, wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai ya wuce. Wanda ya rage a ƙarshe shi ke ɗaukar Kofin Stanley, wanda Gwamna Janar na Kanada, Lord Stanley, ya bayar a 1892.

Akwai bambanci guda babba tsakanin wannan gasa da gasannin ƙwallon ƙafa da muka saba da su. A ƙwallon ƙafa, ƙungiyar da ta zo ƙarshe ana sauko da ita ƙaramin rukuni, wata ta hau gurbinta. A NHL babu wannan. Ƙungiyar da ta zo kutal tana nan baɗi, tana nan baɗin waccan. To, amma idan ta daɗe a ƙasa 'yan kallo sukan ƙaurace mata, kuɗin ƙofa ya ragu, har masu ita su sayar ko su ƙaura da ita wani gari. Wannan hasara ce ga dukan ƙungiyoyin, domin babu mai biyan kuɗi ya kalli wasan da tun kafin a fara an san wanda zai ci. Saboda haka gasar ta tanadi hanyoyi biyu da raunana za su bi su miƙe: zaɓen matasa da musayar 'yan wasa.

Zaɓen matasa

A da, manyan ƙungiyoyi su ke ɗaukar nauyin ƙananan ƙungiyoyin yara, duk yaron da ya taso a ƙarƙashinsu kuwa nasu ne. Wanda ya fi kuɗi da yawan masu cigiya shi ke kwashe gwanaye. A 1963 aka fara sabon tsari, kuma kafin 1970 ya maye gurbin tsohon ɗungum. Ga yadda yake: sau ɗaya a shekara ƙungiyoyi sukan taru, a jera sunayen matasan da suka isa shiga, kowace ƙungiya ta ɗauki ɗaya bi da bi. Kafin 1995, wadda ta fi kowa lalacewa a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka, zakara kuwa shi ne na ƙarshe. In an gama zagaye guda sai a koma na biyu. A yanzu zagaye bakwai ake yi, shekarun shiga kuwa 18. Yaron da aka zaɓa ba shi da ikon yi wa wata ƙungiyar NHL wasa sai wadda ta ɗauke shi, har wani wa'adi.

Watau ke nan ana saka wa wanda ya faɗi da irin shuka mafi kyau. Amma iri dai iri ne, ba a tuƙa tuwo da shi ran da aka karɓa. Yaro ɗan shekara 18 yakan ɗauki shekara uku zuwa biyar kafin ya nuna, da yawa kuma daga waɗanda ake ɗauka a zagayen baya ba sa taɓa taka filin NHL.

Musaya

Hanya ta biyu ita ce musaya. A wannan gasa ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar a ƙwallon ƙafa ba. Ana ba da mutum ne a karɓi mutum. Abin da ya fi muhimmanci ga zancenmu shi ne, shi kansa gurbin zaɓe haja ne: ƙungiya tana iya ba da damarta ta zaɓen baɗi, ko ta shekara biyu nan gaba, ta karɓi ɗan wasan da ya riga ya ƙware. A nan jarrabawar take. Manajan da ake cinye ƙungiyarsa kullum, jaridu na zaginsa, mai ƙungiya na huro masa wuta, yana da hanya mai sauƙi ta samun sararawa, ita ce ya sayar da gobe ya sayi yau.

Wanda ya fi kowa sanin wannan rauni na 'yan'uwansa manajoji shi ne Sam Pollock na ƙungiyar Montreal Canadiens. A 1970 ya ba wata raunanniyar ƙungiya ta birnin Oakland, wadda aka fi sani da California Golden Seals, wani ɗan wasa tare da gurbin zaɓensa na wannan shekara, ya karɓi gurbinsu na zagayen farko na 1971. Lissafinsa shi ne su za su zo ƙarshe. Da kaka ta yi nisa, ya ga ƙungiyar Los Angeles tana neman ta fi su lalacewa, sai ya aika mata da wani tsohon ɗan wasansa, Ralph Backstrom. Los Angeles ta ɗan farfaɗo, Seals ta zo ƙarshe, Montreal kuwa, wadda ita ce ta ci kofi a 1971, ta sami zaɓen farko, ta ɗauki Guy Lafleur, wanda ya zama tauraronta har ta ci kofi huɗu a jere daga 1976 zuwa 1979. Ita kuwa Seals ba ta sake miƙewa ba. Ta ƙaura Cleveland a 1976, bayan shekara biyu aka haɗe ta da wata ƙungiya, sunanta ya ɓace. Manomin da ya cinye irinsa da bazara ya ƙoshi na kwana biyu, amma damina za ta tona shi.

Aikin Bill Torrey a New York

Yanzu mu koma ga Islanders. Da aka kafa ta a 1972, an bar ta ta tsinci 'yan wasa daga waɗanda tsofaffin ƙungiyoyi ba su damu da riƙewa ba. Babban manajanta, Bill Torrey, wanda ya taɓa aiki a Oakland ya ga abin da gaggawa ke haifarwa, ya ƙudurta cewa da matasa zai yi gini, kome daɗewa. Cikin waɗanda ya tsinta akwai wani matashin mai tsaron gida, Billy Smith, daga Los Angeles, da wani dattijon ɗan wasa, Ed Westfall, wanda ya ci kofi sau biyu da Boston, aka naɗa shi kyaftin domin yara su sami na koyi. A zaɓen matasa na wannan shekara Torrey ya ɗauki Billy Harris a gurbi na farko, da Bob Nystrom a gurbi na 33.

Mummunar kakar farko ta ba su zaɓen farko a 1973, a shekarar kuwa akwai wani ɗan baya, Denis Potvin, wanda kowa ya yarda babu kamarsa. Sai ga Pollock ya zo da tayin 'yan wasa ƙwararru, waɗanda da Torrey ya karɓa da ƙungiyar ta rage shan kunya nan take. Torrey ya ƙi. A ganina wannan ƙi shi ne tubalin farko na duk abin da ya biyo baya. Ya ɗauki Potvin, ya kuma ɗauko Al Arbour ya zama mai koyar da 'yan wasa. Arbour bai fara da koya musu yadda ake ci ba, ya fara da yadda ake tsare gida. A kakar farko an jefa musu faifai a raga sau 347. A ta biyu ya koma 247. Har yanzu dai suna ƙasa, amma an daina yi musu dariya.

A 1974 suka ɗauki Clark Gillies a gurbi na 4, sa'an nan a zagaye na biyu, gurbi na 22, suka ɗauki wani yaro ɗan shekara 17, Bryan Trottier. Ba su yi garajen sa shi cikin manya ba, suka bar shi ya ƙara shekara guda a wasan matasa. Can a gurbi na 214 kuma suka ɗauki wani ɗan ƙasar Suwidin, Stefan Persson, a zamanin da ƙungiyoyi kaɗan ne ke waiwayar Turai. Wannan aikin masu cigiyar 'yan wasa ne, irin su Jim Devellano, waɗanda ke yawo ƙauyukan Kanada cikin hunturu suna kallon wasan yara. Gurbi na farko ko ɗan kallo ya san wanda za a ɗauka. Gwanintar ma'aikata a zagaye na biyu da na biyar take bayyana.

A farkon 1975, da Torrey ya ga yaransa sun fara kama ƙasa, sai ya yi ƙaramar musaya da Minnesota, ya karɓo ƙwararru biyu, J. P. Parise da Jude Drouin, ba tare da ya taɓa Potvin ko Gillies ko Trottier ba. A wannan shekara suka shiga wasannin fid da gwani karo na farko, suka fitar da maƙwabtansu New York Rangers, kana suka fitar da Pittsburgh bayan an cinye su wasa uku na farko.

Zaɓen 1977 shi ma abin lura ne. Ƙungiyar ta riga ta yi ƙarfi, saboda haka gurbinta ya koma na 15. Akwai wani yaro, Mike Bossy, wanda ya jefa faifai a raga fiye da sau 300 cikin shekara huɗu a wasan matasa, amma aka yi ta tsallake shi, wai ba ya son karo, ba ya komawa tsaron baya. Rangers da Toronto kowacce sau biyu ta wuce shi. Ra'ayin Arbour shi ne, koya wa mai ci tsaro ya fi sauƙi bisa koya wa mai tsaro ci. Suka ɗauke shi. A shekararsa ta farko ya ci 53, ya kuma yi shekara tara a jere yana cin hamsin ko fiye.

Musayar da ta cika aiki

Kada a ɗauka daga nan sai kofi. Shekara huɗu a jere ƙungiyar tana samun maki fiye da ɗari, a kakar 1978 zuwa 1979 ma ita ce ta ɗaya da maki 116, amma duk sa'ad da aka zo fid da gwani sai a fitar da ita: Toronto a 1978, Rangers a 1979. Aka fara cewa yaran Torrey na ado ne, ba su da zuciya. A daidai wannan lokaci kuma bashi ya kusa durƙusar da ƙungiyar, har ta canja hannu a 1978. Wani manajan da sai ya rushe ginin ya sake sabo.

Torrey da Arbour suka zauna suka gano inda ciwon yake. Ɗan tsakiya gwani guda gare su, watau Trottier, abokan karawa kuwa sun gane cewa in an tsare shi an tsare ƙungiyar. A ran 10 ga Maris 1980 Torrey ya ba Los Angeles mutum biyu, Dave Lewis da Billy Harris, ya karɓi Butch Goring, ɗan tsakiya mai shekara talatin. Ku tuna Harris shi ne yaron da ya fara zaɓa a tarihin ƙungiyar, ya sha wuyar shekarun farko tare da su. Rabuwa da shi ba abu ne mai daɗi ba. Amma daga zuwan Goring ba a sake cinye su ba a wasa 12 da suka rage na kaka. A ran 24 ga Mayu 1980 Bob Nystrom, yaron nan na gurbi na 33, ya jefa faifan da ya ba su kofi a kan Philadelphia. Suka sake ci a 1981, 1982 da 1983. Sun fitar da abokan karawa 19 a jere kafin Edmonton ta tsayar da su a 1984.

Mutum 16 ne suka kasance cikin dukan nasarorin huɗu. Goma daga cikinsu ƙungiyar ce ta zaɓe su tun suna matasa, cikin goman kuwa huɗu kaɗai ne na zagayen farko. Huɗu ta hanyar musaya aka samo su. Wannan lissafi shi kaɗai ya isa ya nuna yadda aka raba aikin: zaɓe ya gina ɗaki, musaya ta yi masa jinka.

Idan abin sayarwar shi ne gwanin kansa

Akwai kuma lokacin da musaya ke zama babbar hanya. Ƙungiyar Quebec Nordiques ta sami zaɓen farko shekara uku a jere, 1989, 1990 da 1991. Na ukun, Eric Lindros, wanda ake ganin babu kamarsa a zamaninsa, ya ce shi ba zai yi musu wasa ba. Suka haƙura shekara guda, sa'an nan a 1992 suka miƙa shi ga Philadelphia, suka karɓi 'yan wasa shida, cikinsu har da Peter Forsberg, da gurbi biyu na zagayen farko, da dala miliyan 15. Makinsu ya tashi daga 52 zuwa 104 cikin kaka guda. Dalili kuwa shi ne wanda na ambata tun farko, cewa wasan na mutum ashirin ne. Sai dai labarin yana da ɗaci. Kuɗin shigar ƙungiyar bai isa ya riƙe ta a ƙaramin birni irin Quebec ba, aka sayar da ita a 1995, ta koma Denver da sunan Colorado Avalanche, ta ci kofi a 1996. Mutanen Quebec su suka yi noma, na Denver suka ci girbi.

Inda dabarar ke ɓaci

Tsarin da ke saka wa na ƙarshe yana da illa a fili: yakan sa ƙungiya ta so faɗuwa. An zargi Pittsburgh da haka a 1984, shekarar da ta sami Mario Lemieux, an kuma zargi Ottawa a 1993. Saboda haka daga 1995 aka shigo da ƙuri'a, ta yadda zuwa ƙarshe ba ya tabbatar wa kowa zaɓen farko.

Ko da an sami gurbin ma, ba shi ke nan ba. Edmonton Oilers ta yi zaɓen farko a 2010, 2011, 2012 da 2015, amma shekara goma a jere, daga 2007 zuwa 2016, ba ta shiga fid da gwani ba. Ta tara 'yan gaba, tsaron bayanta da na gidanta suka kasance da rauni, ta yi ta canja masu koyarwa, zagayen baya na zaɓenta kuma ba su haifar da abin kirki ba. Sai a 2024 da 2025 ta kai wasan ƙarshe, Florida ta cinye ta duka biyun. Buffalo Sabres kuwa ta rabu da ƙwararrunta, ta zo ƙarshe a 2014 da 2015, ƙuri'a ta ƙi ta sau biyu, ta ɗauki Sam Reinhart da Jack Eichel a gurbi na biyu. Daga 2012 zuwa 2025, kaka 14, ba ta ga fid da gwani ba. Reinhart da Eichel kuwa, bayan an musanya su, kowanne ya ci kofi a wata ƙungiya, Eichel a Vegas a 2023, Reinhart a Florida a 2024 da 2025. Ashe yaran ba su da laifi. Gidan da aka kawo su ne babu manyan da za su koya musu cin wasa, kamar yadda Westfall ya yi a New York.

Wani abu kuma ya canja tun zamanin Torrey. Daga 2005 an ƙayyade jimlar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, an fara da dala miliyan 39. Yaro yana da araha a kwantaraginsa na farko, wanda ba ya wuce shekara uku, daga nan sai farashinsa ya hau. Chicago, wadda ta gina kanta da Jonathan Toews da Patrick Kane, ta ci kofi a 2010, amma cikin 'yan makonni tilas ta rabu da 'yan wasa da dama domin albashi ya fi ƙarfin doka. Riƙe mutum 16 shekara huɗu ya zama abu mai wuyar gaske a yau.

Kammalawa

Idan aka haɗa waɗannan misalai, za a ga tsarin gasar ba ya ba raunanniyar ƙungiya kome sai dama. Abin da ya raba Islanders da Seals da Buffalo shi ne shawarwarin da mutane ƙalilan suka yanke a ofis. Torrey ya ƙi musaya a 1973 sa'ad da kowa ke ganin yana bukatarta, ya kuma yi ta a 1980 sa'ad da ta zama dole ya rabu da wanda yake so. Abin da ya sa shawarar farko da ta biyu duka suka yi daidai shi ne ya san matakin da ƙungiyarsa take a kowane lokaci. Har wa yau an bar shi a kujerarsa shekara ashirin, Arbour kuma ya yi shekara 13 a jere yana koyarwa, alhali a wasu wuraren ana sallamar mutum kafin a ga amfanin yaran da ya zaɓa.

Da yawa daga cikinku, ɗalibai, wata rana za a damƙa muku ma'aikatar da ta lalace a ce ku gyara, ma'aikatan da ke nan kuwa wasunku sun riga sun ɗanɗana. Ba zan ce hokin ƙanƙara zai koya muku aikinku ba. Amma tambayoyin da Torrey ya fuskanta za ku gamu da irinsu: wa za a ɗauka a horar, wane tsoho za a riƙe domin ya yi wa yara jagora, wane tayi na sauƙin yau za a ƙi, kuma shekara nawa waɗanda ke sama da ku za su yarda su jira.